Shafin Barci na Baba Ondrej

A bazarar 1976 ruwa ya ɗauke a London har ciyawar filayen wasa ta koma ruwan ƙasa. Turawa suka ruɗe, suna yawo rabin tsirara, abin da bai ƙara wa kowa sanyi ba sai dai ya rage masa mutunci. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. A wannan bazarar ce Baba Ondrej ya yi kwana huɗu bai runtsa ba, a gidansa da ke wani lungu na Edmonton.

Maharazu ɗan haya ne a gidan. Mutumin Kazaure ne, shekararsa arba'in da biyu, mai kula da sito a ma'aikatar ayyuka, gwamnatin jiha ta turo shi kwas na wata goma sha takwas. Zamanin kuɗin mai ne, ana tura mutane Ingila kamar ana tura su kasuwar ƙauye, kuma da yawansu ba abin da suka koyo sai sunayen kantuna. Maharazu ba ya cikin waɗannan. Daga makaranta sai gida, daga gida sai sallar Juma'a. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: in ya tabbata abu daidai ne, ba ya tsayawa ya tambayi wanda zai yi wa.

Mai gidan kuwa tsoho ne daga yankin Slovakiya, ya shigo Ingila bayan yaƙin duniya na biyu ba ya jin Turanci ko kalma guda. Kafinta ne, ya yi shekara ashirin da biyar a masana'antar kujeru. Ba wanda ya zaunar da shi a aji. Littafin rubutu ya saya mai baƙin bango, ya ja layi a tsakiyar kowane shafi, Turanci a hagu, harshensu a dama. Akwai shafin abinci, shafin katako da ƙusa, shafin likita, shafin ruwan sama. Na goma sha ɗaya shi ne na barci. Da Maharazu ya kama ɗaki a gidan, tsohon ya ɗauko rula ya ja layi na uku, ya ce a cika masa da Hausa. Kowace Lahadi bayan shayi sukan zauna a kicin, suna lallaɓa Turancinsu, na wannan gurgu na wancan gurgu.

"Sleep," in ji tsohon, yatsansa a kan layi. "Spánok."

"Barci."

"Dream. Sen."

"Mafarki."

"Snore. Chrápať."

"Minshari."

"Naku ya cika ladabi," in ji shi. "Ji namu. Chrápať. Kamar zarto a ɗanyen katako. Wanda ya ƙirƙiro naku bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da surukina ba."

Akwai wata kalma, perina, wadda ya ce Turawa ba su da kamarta ta gaskiya, shi ya sa suke kwana cikin sanyi suna fushi da safe. Maharazu ya juya alƙalami ya rubuta bargon gashin agwagwa, tsohon ya sa shi ya faɗa sau uku don daɗin jin sa. Daga ƙasa akwai yadda ake kwatanta mai nauyin barci. Turawa sukan ce sleep like a log, wato ya kwanta kamar gungume. Mutanen Slovakiya kuma sukan ce spať ako zabitý, kamar wanda aka kashe. Maharazu ya ce a wurinsu cewa ake barci ƙanin mutuwa ne. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce a bar wannan gurbin haka, ya rufe littafin.

Matarsa Margaret, Baturiya, ta rasu shekara uku kafin nan a wani sashen asibiti da ake tara tsofaffin da ba a sa ran komawarsu gida. Wata takwas yana zuwa duba ta. Abin da ya gani a can bai taɓa ba da labarinsa ba, amma wata rana ya kama hannun Maharazu ya ce, "In na faɗi, kada ka bari su kai ni can. A nan. Ka ji? A nan." Maharazu ya ce ya ji, kuma shi mutum ne da in ya ce ya ji to ya ɗauka.

A farkon Yuli ya faɗi. An hana ban ruwa da tiyo saboda fari, yana ɗauke da ruwan wanke-wanke zai kai wa tumatirinsa a bayan gida, sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi sati uku a asibiti. Rai ya tsaya, amma Turancin da ya tara shekara talatin ya zube gaba ɗaya kamar an kifar da ƙwarya, ba abin da ya rage a bakinsa sai harshen uwarsa. Aka sallamo shi ranar Litinin a kan gwaji, nas za ta riƙa zuwa safe da yamma.

Tun da ba zai iya hawa bene ba, Maharazu ya kwance gadon tsohon, wani jibgegen gadon katako da shi ya ƙera da hannunsa, ya sauko da shi falo gunduwa-gunduwa ya harhaɗa. Kafin ya ɗaure ƙusar ƙarshe ya ɗauko kamfas ɗin da yake duba alƙibla da shi, ya ajiye a ƙasa, ya jira allurar ta natsu. Ya daidaita gadon ta yadda in mutum ya kwanta a damansa fuskarsa za ta dubi alƙibla. Kai ya koma wajen taga, ƙafa ta miƙe sak zuwa ƙofar falo. Ya san tsohon Kirista ne, ga gicciye nan a bango. Ba wai yana neman musuluntar da shi a ɓoye ba ne. Wannan ita ce kwanciya mafi kyau da ya sani, ita ya yi wa mahaifinsa a ciwon ajali, kuma bai ga dalilin da zai yi wa Baba Ondrej ƙasa da haka ba.

Daga ranar tsohon bai ƙara rufe ido ba. In an ba shi ƙwayar barci sai ya datse haƙora, in ta shiga sai ya tofar. Idonsa na kan ƙofa. Kowace safiya Maharazu yakan tarar da shi a karkace, ya ja jiki da hannunsa mai rai har kansa ya kusa leƙowa gefen gado, zufa ta jiƙa zanen. Sai ya ɗaga shi, ya miƙar da shi yadda yake, ya gyara matashi, ya ja masa kunne da Turancin da tsohon ya daina ji: zai faɗo ya karye. Saboda haka duk sa'ad da nas ta iso, a miƙe take samunsa tsaf.

Nas ɗin sunanta Kaneng, 'yar Jos, shekararta shida a London, gajera mai saurin tafiya da saurin baki. Ranar Alhamis ta auna jininsa, ta dubi agogon da ke rataye a ƙirjinta, ta ja Maharazu kicin.

"Malam, zan faɗa maka gaskiya. Jininsa ya hau. Zuciyar nan ba za ta ɗauki wani kwana biyu a haka ba. Doctor zai zo gobe ƙarfe huɗu, kuma ya riga ya yi booking ɗin ambulance. In bai yi barci ba kafin nan, za su mai da shi."

"Ina?"

"Ka san ina."

"Na yi masa alkawari, Sista."

"To ka gaya wa idonsa. Ni na yi iyakar nawa." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ma ka ga naka idon? Kamar gauta. In ka faɗi, ni ba zan ɗauki ƙato biyu ba, gwamnatin Kano ba ta biyana."

"Kazaure."

"Duk ɗaya, ku dai masu dogayen riguna."

Ranar Juma'a Maharazu bai je makaranta ba, bai kuma je masallaci ba, abin da bai taɓa yi ba tun zuwansa. Ya jawo kujera gefen gadon, ya ɗauko littafi mai baƙin bango, ya buɗe shafi na goma sha ɗaya. Tunaninsa shi ne, in barci ya ƙi zuwa da Turanci, wataƙila ya zo in an kira shi da sunansa na gida.

Zafi ya cika falon. Labule bai motsi. Wani ƙuda yana bugun gilashi yana hutawa. Shi kansa Maharazu kwana huɗun nan a kujera ya yi su, kansa ya yi sakayau, abubuwa suna zuwa masa daga nesa kamar muryar da ta ƙetaro ruwa.

"Pillow," ya karanta a hankali. "Vankúš. Matashi. Blanket. Deka. Bargo. Yawn. Zívať. Hamma."

Da ya faɗi hamma sai ya yi ta. Rubutun tsohon, mai tsaye kamar ƙusoshi, ya fara lilo a kan takarda. Layuka ukun suka zama hanyoyi uku, shi yana tafe a ta tsakiya. A bangon falon akwai hoton wani ƙauye a gindin duwatsu masu farin kai, yanzu kuwa duwatsun sun matso sun jeru da na Kazaure, ƙanƙara tana narkewa tana gangarowa cikin fadama. Bas ta wuce a titi, ya ji ta kamar garken shanu na dawowa. Wata mace mai ɗankwali irin na matan ƙauyen da ke hoton tana shanya bargon gashin agwagwa a kan dangar gidansu, mahaifiyarsa tana riƙe mata ɗaya gefen, suna hira ba tafinta. Agwagin da aka fige suna biye da su, ba su nuna wani ɓacin rai ba.

"Dvere," in ji tsohon.

Maharazu ya farka firgigit. Tsohon yana nuna ƙofa da hannun hagu.

"Dvere. Nohy. Nohy!"

Kalmomin ba sa shafin barci. Ya bi littafin shafi-shafi har ya sami ta farko a cikin kayan kafinta, tsakanin taga da makulli: door, ƙofa. Ta biyun tana shafin likita: ƙafafu. Ya yi murna ƙwarai. Ya tashi ya rufe ƙofar, tsohon ya girgiza kai. Ya buɗe ta, tsohon ya girgiza kai. Ya bar ta rabi. Ya ɗauko man zafi ya murza masa ƙafafun har tafin hannunsa ya yi zafi, ya lulluɓe su, ya yaye, ya tokare su da matashi. Tsohon ya kawar da fuska, hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai. Ga kalmomi biyu a hannun Maharazu, ya san ma'anar kowace a harshe uku, kuma bai fi jaki fahimtar abin da ake gaya masa ba.

Ya koma kujera ya ci gaba da karatu don bai san abin da zai yi ba kuma. Nightmare, nočná mora, mugun mafarki. Wake up, zobudiť sa, farkawa. Muryarsa ta yi ta sirancewa. Hasken rana ya rarrafo ta ƙarƙashin labule ya hau ƙafar gado. A wannan karon a sitonsa ya tsinci kansa, amma maimakon siminti da kwano, kantocin cike suke da barci, an jera shi ƙunshi-ƙunshi, kowane da takardarsa: na jarirai, na manoma bayan shuka, na masu gadi, na ƙailula. Yana neman na Baba Ondrej, yana bin kanta bayan kanta, sito yana ƙara tsawo.

Ƙarar ƙofar waje ce ta dawo da shi. Kaneng ta zo da wuri, ƙarfe biyu da kwata, jakarta a kafaɗa. Tsohon kuwa ya sake karkacewa, ya kama katakon gefen gado yana jan jikinsa. Maharazu ya zabura zai miƙar da shi.

"Dakata, Malam. Me za ka yi?"

"Gyara shi zan yi. Kullum haka yake yi, sai na mai da shi daidai."

"Kullum? Tun yaushe?"

"Tun Litinin."

"Tun Litinin mutum yana ƙoƙarin zuwa wani wuri kana dawo da shi, ba ka gaya mini ba? Zauna. Na ce zauna. Bari mu ga inda za shi."

Suka tsaya suna kallo. Abin ba daɗin gani. Da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya tsohon yake aikin, ya ja, ya huta, ya ja, numfashinsa kamar zugazugi. Kaneng ta tsaya dab da gefen gadon don kada ya faɗo, amma ba ta taɓa shi ba. Ya ɗauki kusan minti ashirin kafin ya gicciye a tsakiyar katifa, ƙafafunsa sun bar saitin ƙofa sun koma wajen bango. Nan ya tsaya. Ya miƙa hannu kan teburin gefe, ya ɗauki matajinsa ya kwantar a kan ƙirjinsa. Ya yi alamar gicciye a kan matajin. Sa'an nan ya tura matajin a hankali, ta wutsiya, zuwa wajen ƙofa, har ya zame ya faɗi ƙasa.

"Margaret," in ji shi.

Kaneng ta dafe baki. "Wayyo Allah. Malam, wa ya ajiye gadon nan haka?"

"Ni."

"A wurin mutanen nan gawa ce ake fitarwa ƙafa a gaba. Mai rai ba ya kwana ƙafarsa na kallon ƙofa. Wata tsohuwa 'yar Poland ta taɓa yi mana bori a ward ɗin asibiti a kan wannan, sai da muka juya ta. Kwana huɗu ka shimfiɗe bawan Allah kamar mai jiran masu ɗauka, kana kuma karanta masa a yi barci lafiya!"

"Alƙibla na duba masa," in ji Maharazu. Muryarsa ta yi tauri. "Ita ce kwanciyar da ta fi kowace. Haka na kwantar da mahaifina."

"Allah ya ji ƙansa. Ya tashi daga kwanciyar?"

Ta matso kusa da shi.

"Alƙiblar nan taka ce ko tasa? Ka tambaye shi?"

Bai tambaye shi ba. Ya tsaya yana duban gadon da ya auna da kamfas, sai a lokacin ya tuna cewa a wurinsu ma haka ake sa mamaci a kabari, a kan dama, fuska ga alƙibla. Ta kowace fuska aka duba, shimfiɗar gawa ya yi wa mutumin da ya roƙe shi ya tsare masa rai a gidansa. Niyyarsa kyakkyawa ce, wannan ba a musu. Amma kyakkyawar niyya ba ta rage wa tsohon ko dare ɗaya daga cikin huɗun ba.

Ya tuɓe rigarsa ya rataye a kujera. "Kama can, Sista."

"Yanzu ka zama mutum."

Gadon ya yi nauyin da sai ka ce da gida aka gina shi. Ba su sauke tsohon ba, da shi suka ja, taku ɗaya su huta, ƙafafun katakon suna kuka a kan daɓe. Kaneng tana haki tana cewa wanda ya ƙera wannan abin bai yi niyyar ƙaura ba har abada. Suka juya shi har ƙafa ta dubi bangon da hoton ƙauyen yake, ƙofa ta koma gefen hagu, inda tsohon zai ga mai shigowa ba tare da ta tsaya masa a gaba ba. Suka miƙar da shi, wannan karon bai yi gardama ba. Kaneng ta canza zanen da ya jiƙe, ta goge masa fuska da ruwan sanyi.

Maharazu ya durƙusa a gefen gadon. Ya ce da Hausa, tun da Turanci ba shi da amfani kuma, "Ka yafe mini, Baba. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba."

Tsohon ya dube shi. Sa'an nan ya ɗaga hannu ya ɗan ƙwanƙwashe shi a ka da ƙashin yatsa, yadda kafinta ke gwada katako ya ji ko da rami a ciki. Ya nuna littafin.

Maharazu ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar gado, ya buɗe. Ƙarfe uku saura kwata.

"Nap. Zdriemnuť si. Ƙailula."

"Zdriemnuť," in ji tsohon, yana gyara masa faɗa, harshensa da nauyi.

"Zdriemnuť. Lullaby. Uspávanka. Waƙar reno. Sweet dreams. Sladké sny. Mafarkin alheri."

Wannan bai gyara masa ba. Idonsa na kan duwatsun hoton, fatar idon tana sauka tana tashi kamar tsuntsun da ke neman reshe. Iska ta farko a ranar ta taɓa labule. Can nesa motar mai sayar da askirim tana kaɗa waƙarta, tana zuwa tana komawa ba ta iso ba. Maharazu ya kai ƙarshen shafin ya sake dawowa farko, yana rage murya, har ya zama leɓensa kaɗai ke motsi. Hannun tsohon ya saki bargo ya kwanta a buɗe.

Ƙarfe huɗu da minti biyar likita ya iso, ambulance na biye da shi. Kaneng ta tare shi a ƙofar waje kafin ya taɓa ƙararrawa, ta sa yatsa a baki, ta nuna masa takalminsa. Dogon Bature ne mai gaggawa, ya ɗaure fuska, amma ya cire. Ya shiga falon da safa, ya tsaya a gefen gadon, ya kama wuyan hannun tsohon da yatsu biyu yana duban agogo. Tsohon bai motsa ba. Bakinsa a buɗe, ƙirjinsa yana hawa yana sauka a natse.

Likitan ya rubuta wani abu a takardarsa, ya raɗa wa Kaneng cewa kada wanda ya tashe shi ko da zai kai gobe, zai dawo Litinin ya gani. Da zai juya ya nuna mutumin da ke zube a ƙasa, kansa a jikin ƙafar gado, littafi a kife a cinyarsa.

"Wannan fa?"

"Shi ma a bar shi," in ji Kaneng.

Ta raka likitan waje, ta ɗaga wa direban ambulance hannu ya tafi. Motar ta juya a ƙarshen lungun ba tare da jiniya ba.